Kafin Kafinta Ya Ɗaga Guduma: Tsohon Silin Asbestos A Gidajenmu

Da zarar an kawar da amfanin gona, kuɗin masara da na rake sun shigo hannu, sai ƙarar guduma ta tashi a unguwannin Hunkuyi da Kudan da Likoro. Lokacin gyaran gida ya yi ke nan. Wani ɗa zai aurar, yana so a sabunta masa sashen da marigayi mahaifinsa ya zauna. Wani damina ce ta tona masa asirin rufinsa. Wani kuwa Zariya ya shiga, ya ga falon abokinsa da silin POP mai fitilu, ya dawo gida ya ɗaga kai, nasa ya fita masa a rai. Ko wanne ne dalili, abin da ake fara saukewa guda ne: farin allon nan mai ƙafa huɗu-huɗu da aka buga a jikin katako tun zamanin Shagari, wanda kowa ke ce wa silin asbestos.

Bara na tarar da irin wannan aiki a gidan wani kawuna. Yaron kafinta yana kan tsani da guduma, yana dukan allon daga ƙasa, gutsattsari na zubowa tare da kashin jemage da ƙurar shekara arba'in. Ɗakin ya yi fari fat kamar an zazzage buhun fulawa. Na ce wa maigidan yaron, "Malam, da an jiƙa shi, an zare ƙusoshin, an sauke shi ɗaya bayan ɗaya fa?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Yallaɓai, ai jinga muka yi. In muka tsaya lallaɓa shi, aikin yini ɗaya kwana uku zai ci. Shekarata ashirin ina wannan sana'a, ko mura ba ta taɓa kwantar da ni ba." Da yamma matar gidan ta sa tsintsiya ta share, yara suka kwashi gutsattsarin suna zane da su a bango, ragowar kuma aka cike wani rami da ke ƙofar gida da ita.

Kafintan nan bai yi ƙarya ba. Abin da ya faɗa shi ne ainihin abin da ya sa asbestos ya daɗe yana kisa a duniya ba a kama shi ba. Ba ya sa atishawa, ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi a maƙogwaro fiye da kowace ƙura. Cutar da yake haddasawa takan ɗauki shekara 20 zuwa 40, wani lokaci har 50, kafin ta bayyana. Wanda ya shaƙa yana saurayi, sai ya yi furfura za a biyo shi bashin.

Asbestos dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, amma dutse mai ban mamaki, domin idan aka farfasa shi ba tsakuwa yake zama ba, zare-zare yake warwarewa kamar auduga. Wuta ba ta cin sa, gara ba ta taɓa shi, ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa. Iri uku ne suka fi shiga kasuwa: fari, da mai ruwan ƙasa, da shuɗi, farin kuwa shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba. A wajajen 1900 wani mutumin Ostiriya, Ludwig Hatschek, ya gano cewa idan aka cuɗa wannan zare da siminti aka matse, ana samun allo siriri mai ƙarfi da araha. Ya sa wa kayan suna Eternit, wato abin da ba ya ƙarewa. A irin wannan allo, asbestos yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100, sauran siminti ne.

Zuwansa ƙasar nan ya zo daidai da lokacin da muke neman barin azara da jinka. An kafa Nigerite a Ikeja a 1959. A 1961 kamfanin Turner and Newall na Ingila ya kafa masana'anta a Emene kusa da Inugu, wadda daga baya ta zama Emenite. An yi wata a Sapele, an yi wata a Bauchi, a Kano kuma aka yi Giwarite, wadda ta fi kusa da mu. A wancan zamani duk duniya da asbestos ake wannan haɗi, kuma gaskiya kayan sun dace da ƙasarmu. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu ya san darajar abin da zai tsaya tsakaninsa da zafin rana. Da kuɗin fetur ya zo, aka yi ƙarin albashi na Udoji, aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare na bai-ɗaya a 1976, aka shiga gina ajujuwa da asibitocin sha-ka-tafi da gidajen ma'aikata da sakatariyoyi, shi ne silin da ake yayi. Attajiran Ikara da Makarfi da suka rushe soro suka yi ginin bulo su ma shi suka sa. Wasu har rufin ma da shi aka yi, mai tudu da kwari irin na kwano amma mai kauri da nauyi. Haka nan akwai shi a tsofaffin bututun ruwa da na bayan gida, da birkin tsofaffin motoci.

Abin takaicin shi ne, lokacin da ake kafa waɗannan masana'antu a nan, a ƙasashen waje an riga an san da illarsa. A 1924 wata mata mai suna Nellie Kershaw, ma'aikaciyar saƙar asbestos a kamfanin Turner Brothers da ke Rochdale a Ingila, ta mutu tana da shekara 33, aka duba huhunta aka tarar ya ƙandare da tabo. Gidan Turner ɗin nan dai shi ne ya zo Inugu shekara 37 bayan rasuwarta. A 1955 Richard Doll ya tabbatar da alaƙar asbestos da sankarar huhu. A 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, Chris Wagner, da abokan aikinsa suka fitar da bayanin mutum 33 da suka kamu da wata sankara da ba a saba gani ba, kusan dukkansu sun yi mu'amala da shuɗin asbestos na yankin Cape. Abin da ya fi tayar da hankali a binciken shi ne wasunsu ba su taɓa aiki a mahaƙar ba. Zama kusa da ita kawai suka yi, ko wasa a kan tulin ƙasarta suna yara.

Yadda abin yake aiki a jiki ba shi da wuyar fahimta. Ƙurar hunturu ko ta sussuka, yawancinta hanci da majina suna tare ta, tari ya fitar da saura. Zaren asbestos kuwa ya fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa, ido ba ya ganin sa, yana iya yin sa'o'i yana yawo a iskar ɗaki bayan ƙurar da ake gani ta kwanta. Idan aka shaƙe shi sai ya zarce can ƙarshen huhu ya soke kamar allura. Jiki ya yi ta ƙoƙarin narkar da shi, shi kuwa dutse ne. Daga wannan kokawa ta shekara da shekaru cuta uku ke fitowa. Akwai ƙandarewar huhu da likitoci ke kira asbestosis, mai sa mutum haki ko daga ɗaki zuwa masallaci, wadda ta fi kama waɗanda suka daɗe suna shaƙa da yawa. Akwai sankarar huhu. Sai kuma mesoteliyoma, sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki, wadda kusan ba ta da wani sanadi sai asbestos, ba ta buƙatar a shaƙi mai yawa, kuma mafi yawan waɗanda aka gano tana jikinsu ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara da sankarar maƙogwaro da ta ƙwan mace, ta kuma ce duk nau'o'in, har da farin, suna jawo sankara. Mai shan taba kuwa haɗarinsa ba ƙaruwa kawai yake yi ba, ninkuwa yake yi. Hukumar ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda asbestos da suka shaƙa a wurin aiki.

Nan ne wani zai ce, to mu ina gawarwakin? Tambaya ce mai kyau. A Ingila, inda ake rubuta sanadin kowace mutuwa, har yanzu kimanin mutum 5,000 ke mutuwa a shekara ta wannan hanya, alhali sun hana shuɗi da mai ruwan ƙasa tun 1985, farin kuma tun 1999. Mu a nan dattijo zai yi ta tari yana ramewa, ƙirjinsa ya tara ruwa, a ce tarin fuka ne, domin shi muka sani, kuma shi ne ya fi yawa. A yi ta magani, in bai ji sauƙi ba a koma na gargajiya, in ta Allah ta kasance da safe kafin azahar an rufe shi. Ba wanda zai tambaya wace sana'a ya yi a 1985. Rashin lissafi daban, rashin cuta daban.

Sai dai kada a ɗauki wannan magana a kwana da fargaba, ko a tashi gobe da sassafe a kira kafinta. Wannan ne ma kuskuren da na fi jin tsoro. Zaren da ke cikin allon siminti a ɗaure yake. Silin da ke zaune lafiya, ba tsaga, ba ya zubar da gari, an shafe shi da fenti, abin da yake saki cikin iska kaɗan ne ƙwarai. Iyali sun fi aminci a ƙarƙashinsa shekara goma a kan yini guda na fasa shi da guduma. Haka ma ruwan saman da aka tara daga irin wannan rufi: Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sami tabbatacciyar hujjar cewa shan sa cikin ruwa yana cutarwa ba, shaƙa ce matsalar. Kuma wanda ya taɓa tsayawa sau ɗaya a ɗakin da ake fasawa, haɗarinsa ƙarami ne, ko da yake masana ba su gano wani ma'aunin da za a ce ƙasa da shi babu komai ba. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai yi kullum: kafinta, da birkila, da mai wayarin da ke huda silin don rataya fanka, da yaron da aka kawo koyon sana'a yana ɗan shekara sha biyar, wanda ke da isassun shekaru a gaba da cutar za ta jira shi. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2009 ya nuna cewa cikin kafintocin da aka haifa a shekarun 1940, waɗanda suka yi fiye da shekara goma a sana'ar kafin su kai talatin, kusan ɗaya cikin 17 mesoteliyoma ce ajalinsa. Adalci shi ne a faɗi cewa nasu allon ya fi namu laushi, kuma da mai ruwan ƙasa aka yi shi, wanda ya fi farin mugunta. Amma su ma da zarto da guduma suka shaƙe shi. Bayan su sai matan da ke kakkaɓe kayan aikin mazajensu kafin wanki, waɗanda aka sha samun cutar a jikinsu a ƙasashe da dama.

To yaya mutum zai gane nasa? Da ido dai ba a ganewa, ko injiniya ne. Abin da ya ƙara dagula lamarin, a bakinmu duk allon siminti sunansa asbestos, har da wanda aka yi shekaran jiya. Manyan kamfanonin ƙasar nan sun sauya haɗi tun farkon shekarun 2000, suka koma zaren itace da na roba, amma sunan ya bi kayan. Akwai kuma silin kwali mai ruwan ƙasa a bayansa, wanda ke kumbura ya lanƙwashe idan ruwa ya taɓa shi, shi wannan na itace ne. Tabbaci sai a ɗakin gwaji, inda ake duba ɗan gutsure a madubin ƙara girma na musamman, abin da mai gyaran ɗaki biyu a Doka ko Kauran Wali ba zai bi ta kansa ba. Saboda haka shekarun gini su ne ma'auni. A tambayi dattawan gida yaushe aka buga silin ɗin, kafin auren wane ko bayan haihuwar wance, ba a rasa mai tunawa. Idan kafin 2000 ne, kuma allon mai tauri ne, launin toka a baya, yana karyewa ƙaras kamar tangaran, a ɗauka asbestos ne. Idan a 'yan shekarun da suka biyo baya ne, a yi zargi, domin tsohon kaya yakan daɗe a shago, kuma wanda aka cire daga wani gini yakan dawo kasuwa. Wasu kamfanoni kan buga haruffan NT ko AF a bayan sabon samfuri don nuna babu asbestos, sai a leƙa a gani, amma kada a karya don a duba.

Idan an gane, shawara ta farko ita ce a ƙyale shi in lafiyarsa lau. A shafa masa fenti da burushi ko rola, ba tare da an goge shi da samfefa ba. Mai son silin roba na zamani yana iya sa a buga shi daga ƙasa a jikin katako, ba a huda tsohon allon ba. Sharaɗin dai shi ne a gaya wa 'ya'ya da duk mai aikin da zai hau nan gaba abin da ke ɓoye a sama, in kuma an sayar da gidan a gaya wa mai saye, domin ɓoye aibin kaya ba halin ciniki na gari ba ne.

In kuwa yoyo ya riga ya cinye shi, ya tsattsage, katakon ya ruɓe, to saukewa ta zama dole, kuma a nan ne ake bambanta aiki da ɓarna. A fitar da kayan ɗaki duka, har labule da katifa. Mata da yara su koma wani sashe ko maƙwabta. A kashe fanka, a toshe ƙofar da ke shiga sauran gida, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa. Sannan ruwa. Ikon Allah, kayan aikin da ya fi muhimmanci a nan babu gidan manomi a Kudan da ba shi da shi: injin feshin da ake goyawa a baya, wanda ake yi wa tumatir da inabi feshi da shi. A wanke shi tas daga maganin ƙwari, a cika shi da ruwa da ɗan garin sabulu don ruwan ya kama jikin allon, a yi ta fesawa a hankali kafin a taɓa da kuma lokacin da ake aiki. Sai an kashe wutar gidan tukuna, saboda wayoyin da ke bi ta cikin silin. A ɓamɓare siraran katakon da suka danne gaɓoɓin, a zare ƙusa, mutum biyu su riƙe allon su sauke shi sukutum. Ba jifa daga sama, ba zarto, ba injin huda. Mafi muni duka shi ne injin nan mai faifai da masu walda da masu sa tayil ke yanka da shi, wanda a minti guda yake tayar da ƙurar da guduma ba za ta tayar a yini ba. Idan rufi ne, kada a taka shi kai tsaye, sai an gindaya katako, domin tsohon rufin asbestos burmawa yake yi da mutum ba sallama.

Takunkumin yadi ko shuɗin nan da muka saba da shi lokacin korona ba ya tare wannan zare, ballantana ɗaure hanci da hankici. Wanda ake bukata shi ne mai lamba FFP3 ko P100, a nema a wurin masu sayar da kayan kariyar ma'aikata a Kano ko Kaduna tun kafin ranar aiki. Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba kuma ya shafe mu: takunkumi ba ya manne wa fuskar mai gemu, iska ta gefe take shiga. Ba cewa na yi kowa ya aske ba, amma mai cikakken gemu ya san kariyarsa ragaggiya ce, ya ƙara ƙaimi wajen jiƙawa. Kayan da aka yi aikin da su a zaɓi tsofaffi waɗanda za a yar, a cire su a wurin, a yi wanka kafin a shiga cikin iyali. Shara kuwa da jiƙaƙƙen tsumma ake yi, a haɗa tsumman da ledar ƙasa a cikin abin da za a zubar. Tsintsiya a busasshen ɗaki mayar da ƙurar sama kawai take yi.

Inda na ga mun fi rauni shi ne bayan an sauke. Mu mutane ne da ba ma yar da abu, kuma hali ne mai kyau a wurare da yawa. Tsohon allo yakan zama rufin akurkin kaji, ko murfin masai, ko shingen awaki, ko a ba wani mabuƙaci sadaka ya yanka ya sa a ɗakinsa. Gutsattsari a zuba a kwararo don maganin taɓo, babura da amalanke su yi ta niƙa su, rani ya zo iska ta raba wa unguwa. Wasu su tura a wuta, alhali ba ya ƙonewa, tartsatsi yake yi ya fashe. Abin da ya dace shi ne a naɗe shi cikin leda mai kauri riɓi biyu tun yana jiƙe, a ɗaure, a binne a rami mai zurfi inda ba za a yi noma ko gini ko haƙar rijiya ba, ba kuma bakin rafi ko fadama inda zaizaya za ta tono shi ba. Wannan kuwa ba abu ne da ya kamata a bar wa kowane maigida shi kaɗai ba.

Ƙasashe fiye da 50 sun haramta asbestos. Ostareliya ta yi a ƙarshen 2003, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu da ta daɗe tana haƙo shi a 2008, Kanada a 2018, Amurka kuma sai a 2024 ta hana farin. Garin da ake kira Asbestos a Kanada har suna ya sauya a 2020. Ruwanda ta ɗauki shekaru tana bin gine-ginen gwamnati tana sauke rufin tana binnewa a wuraren da ta keɓe, a Kenya kuma ministan muhalli ya ba da wa'adin kwana 90 a 2024 a cire shi daga gine-gine. Ni dai irin hanyar Ruwanda ta fi kwanta mini, domin umarnin gaggawa ba tare da horarrun ma'aikata da wurin zubarwa ba gayyatar guduma ne. A gefe guda Rasha da Kazakistan da Sin suna nan suna haƙowa, saboda haka mai sayen allon da aka shigo da shi daga waje ya buɗe ido.

A nan gida muna da NESREA, hukumar kula da muhalli ta tarayya, tun 2007, jihar Kaduna tana da tata, KEPA, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da duba-gari. Abin da ake bukata daga gare su bai fi ƙarfinsu ba. Ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara su keɓe fili guda, a kewaye, a sa alama, a ce nan ake kawo tsohon asbestos. Duk kwangilar gyaran makaranta ko asibiti a rubuta a cikinta yadda za a sauke silin da inda za a kai shi, kuma kada a yi aikin ɗalibai na cikin harabar. A tara ƙungiyoyin kafintoci da magina a sakatariyar Hunkuyi yini ɗaya a nuna musu a aikace. Ma'aikatan lafiya kuma, daga ƙaramin asibitin ƙauye har zuwa manyan asibitocin Shika da Saye, idan dattijo ya zo da tarin da ya ƙi jin magani, a tambaye shi sana'ar da ya yi tun ƙuruciya.

Kai kuma Alhaji mai gyaran gida, hujjar kafintan nan tana kanka: jinga ce ta sa shi gaggawa. Idan ka zo yin ciniki bana, ka ware kuɗin kwana biyun da zai ƙara, da na leda, da na takunkumi har da na yaronsa, ka kuma tsaya a wurin ka ga an jiƙa kafin a zare ƙusar farko.